Singileti Kafin Babbar Riga

Ku da kuka san Kawu Sallau kun san ba ya fara gaisawa da mai mota. Motar yake fara gaisarwa. Zai ɗora bayan hannunsa a kan bonet kamar mai duba zazzaɓin jariri, in ya ji zafi sai ya koma kan bencinsa a gindin darbejiyar nan ta unguwar Maamobi a Accra ya ce a jira ta huce. Ni 'yar ƙanwarsa ce, a gefensa nake sayar da koko da ƙosai, don haka duk rigimarsa a kunnena ta ƙare.

Aikinsa goge fentin mota, kuma dokarsa ɗaya ce. Bayan wanki akwai wani ruwan magani da ake shafawa ya kama fenti ya tsare shi daga rana da iskar teku, shi yake kira singileti. Sai ya kwana ya bushe, sannan a ɗora kaki, man gogewa mai sheƙi, wato babbar riga. Wani Alhaji daga Kokomlemle ya taɓa kawo mota da safen ɗaurin auren ɗansa, ya ce a shafa kakin yanzu, maganin a sa daga baya. Kawu ya dube shi sama da ƙasa.

"Alhaji, kai ka taɓa sa singileti a kan babbar riga ka tafi masallaci?"

Alhaji ya ce shi ne mai motar. Kawu ya ce shi kuma shi ne mai hannun. A tasi ango ya je ɗaurin aure, kuma abin haushi, washegari Alhajin ya dawo yana yaba sheƙi.

Ga maƙo! Gwangwanin kakinsa a firjin matarsa Hajiya Memuna yake ajiye shi, tsakanin robobin sobolo, wato zoɓon da take sayarwa, wai zafin Accra na narkar masa da dukiya. Wata safiya ta ɗauka bota ce, har ta lakata a burodi. Da ta kawo ƙara tana tofar da yawu, bai tambayi lafiyarta ba. Burodin ya karɓa ya duba, ya ce ko a mota wannan ya yi kauri.

Amma babban yaƙinsa a kan motar gawa ta masallacinmu ne, tsohuwar farar bas ɗin nan mai tari. Tun yana saurayi aka ɗauki gawar mahaifiyarsa, kakata, a bayan motar gawayi, likkafaninta ya isa maƙabarta da baƙi a jiki. Bai taɓa yafe wa ranar ba. Shi ya sa duk Alhamis yake wanke bas ɗin ya goge ta kyauta, ba ya karɓar ko pesewa, har ta zama motar da ta fi kowace sheƙi daga Nima zuwa New Town, ga ta kuma sai an tura take tashi. In an yi masa maganar injin sai ya ce wannan zunubin makanike ne.

Da kwamitin masallaci suka yanke a sayar da ita ga masu sayen tsohon ƙarfe, a riƙa hayar mota in an yi rasuwa, Kawu bai je taron ba. Ranar da ciyaman ɗin kwamitin ya kawo mai saye, sai suka tarar an kewaye bas da igiya, Kawu na zaune da tsumma a kafaɗa.

"Ciyaman, yanzu-yanzu na sa shi singileti. Ba mai taɓa shi kwaraa, ko da yatsa, sai ya kwana."

Suka dawo washegari, ya ce babbar riga ce bai gama gogewa ba. Suka dawo wani mako, wai ruwan sama ya wanke, an koma farko. Ciyaman ya fusata ya ce gawa ba ta ganin sheƙi. Kawu ya miƙe tsaye ya ce, "Masu rai suna gani. Mutumin Zango ba zai bar duniya kamar buhun gawayi ba, ba ina numfashi ba." Mai sayen ya gaji da zirga-zirga, ya daina ɗaga wayar ciyaman.

Wata Alhamis ya shafa mata singileti, ya ce gobe bayan Juma'a zai ɗora riga. Bai kai ba, a daren Allah Ya karɓi abinsa. A cikinta aka sa shi, ni kuma ina tsaye bakin layi tare da mata muna kallo. A daidai kwana ta yi tarinta ta mutu. Maza suka taho turi, sai na ga sun yi cirko-cirko, ba wanda ya iya ɗora tafin hannu a fentin. Ciyaman ne da kansa ya fara cire hularsa ya kare hannu da ita, sauran suka bi. Da huluna aka tura Kawu har injin ya kama. Na yi dariya, na yi kuka, ban san wanne ya riga wanne ba.

Yanzu na ji kwamiti sun sake tada maganar sayarwa. To, su ji da kyau: gwangwanin yana firjin Hajiya, igiyar tana wurina, kuma na kalli aikin nan har na haddace. Rigar da bai samu ɗorawa ba na ɗora ta. Mai saye ya zo duk ranar da ya so, zai tarar ban daɗe da shafawa ba.

Allah Ya jiƙan Kawu Sallau. Yadda ya hana namu tafiya cikin ƙasƙanci, Allah Ya lulluɓe shi da sutura a kan sutura, Ya sanyaya masa makwanci. Amin.