Mai Waiwaye

Tun da ya zauna a bencin tasha yake waiwaye. Ya dubi hagu, ya dubi dama, ya leƙa bayansa, har mai sayar da lemo ta jawo tirenta kusa, don ta ɗauka ɓarawo ne.

Amma ɓarawo ba ya rataya takalman ƙwallo a wuya. Rigarsa ta wata ƙungiya ce, wandon na wata, tambarin jakarsa kuma rana ta cinye shi. Furfura ta fara leƙowa a gemunsa, gwiwarsa ta dama tana naɗe da bandeji. Ta ayyana a ranta, wannan ya sha yawon garuruwa, ƙila akwai mata da 'ya'ya can suna jiran labari.

Lemo ɗaya ya suɓuce ya gangara ta bayansa. Bai ko juya ba ya tare shi da ƙafa, ya turo mata har gaban tire.

"Ɗana, wa ke bin ka ne kake ta waige-waige?"

Ya yi dariya. "Sabo ne, Inna. Ɗan tsakiya ne ni. Kafin ƙwallo ta iso, dole ka san wanda za ka ba. Gwaji zan je wata ƙungiya."

"Da wannan gwiwar? Can fa yara ne masu jini a jika."

"Su yi ta gudu, ni na san inda za su."

Kwandasta yana kiran mota ta cika. Ya miƙe, ya gyara igiyar takalman a wuya, ya nufi motar yana ɗan ɗingishi. Wannan karon bai waiwaya ba.