An Zauna Min a Kujerata a Masallaci

Jama'a, ku ji abin da ya same ni da Azahar! Kun san ƙiba ta sa a kujera nake sallah, gefen tsofaffi. Sati shida ke nan ina ɗaga ƙarfe a unguwar Akwatialine, amma sandar kawai, ba nauyi, mai koyar da mu Masta Issah ke ba ni. Tsuguna, tashi, tsuguna, tashi. Har na ce raina ni yake.

Yau na shiga, wani baƙon tsoho na kan kujerata, ga shi an tayar da sallah! Dole na bi sahu. Na yi sujada, sai ga ni tsaye. Ei! Raka'a huɗu cur!

Ladan ya ce, "Awudu, in ajiye maka kujerar La'asar?"

Na ce, "A bar wa Baba. Ni da kujera mun rabu."