Gida Mai Mutum Ɗaya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Yuni, 2022, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Abdulgaffar, malamin lissafi a Safana, bayan doguwar jinyar ciwon ƙoda. Na yi kuka, amma ba zan ɓoye ba, har da hamdala a ciki. A kan shimfiɗarka ka cika, Malam, a shekarun da ake ɗauko mana gawa daga daji, wasu ma ko gawar ba a samu.

Ni Sa'adatu, makaranta ɗaya muka koyar, tare kuma muka yi aikin sa kai wajen raba hatsi ga waɗanda 'yan bindiga suka koro zuwa Batsari. Kai ka rubuta mana manhajar rabon a tsohuwar kwamfutarka mai zafi kamar tanda. Kowane gida a shigar da shekarun mutanensa a jeri, manhaja ta ƙirga su, ta faɗi mudu nawa za a auna. Muka yi ta yabonka, kana ta hura hanci, muka ƙyale ka.

Sai Baba Indo, wata tsohuwa daga Yasore, ta koma hannu rabbana har sau biyu. Ita kaɗai ta rage a gidansu. Ka bi diddigi har ka gano dalili: idan abu ɗaya tak ne a jeri, kwamfuta sai ta mayar da shi lamba zalla, wai sauƙi take yi mana. Lamba zalla kuwa ba ta da wasu abubuwa a cikinta da za a ƙirga, sai manhaja ta tsallake ta shiru. Na ce mu riƙa ƙara irin waɗannan da hannu mu huta. Ka harare ni ta saman tabarau.

"Malama, ranar da ni da ke ba ma nan fa? Gida mai mutum ɗaya ma gida ne."

Lokacin ciwo ya ci ƙarfinka. Wallahi haushinka na ji, ganinka da kumburarrun ƙafafu kana fama da kwamfuta. Ka gyara ta yadda duk abin da ya shigo, ɗaya ne ko goma, sai an mayar da shi jeri kafin a ƙirga. Ba ka kai ga ganin an gwada ba.

Washegarin sadakar ukunka aka yi rabo. Gyaran ya yi. Gidaje masu mutum ɗaya suka fito, sun fi yadda muka zata nesa ba kusa ba, yawanci tsofaffi da matan da aka kashe wa maza, waɗanda kunya ta hana su ƙorafi. Sai a ranar na yi numfashi mai kyau.

Baba Indo ta karɓi geronta, ta tambaye ni ina malamin nan mai tabarau. Na gaya mata. Ta ajiye ƙwaryar a ƙasa, ta ɗaga hannu: "Ɗiyata, Allah kada Ya tsallake shi ranar rabon rahama."

Amin, Baba. Allah Ya jiƙanka, Malam, Ya haskaka makwancinka, Ya sa jinyar ta zama kaffara. Hansai, uwar 'ya'yansa, Allah Ya ba ki haƙuri, Ya raya abin da ya bari.