Kacar Keken Baba

Shekara arba'in da ɗaya Baba ya yi a bakin titi ɗaya, ƙarƙashin rumfa ɗaya, yana gyaran keke. Mai Faci ake ce masa, mu ma a makaranta 'ya'yan Mai Faci ne sunanmu. Kayan aikinsa ba su da yawa: famfo, sifana uku, gwangwanin giris, da kwanon ruwan da yake tsoma tub ya ga inda iska ke fita. Ba ya tsayawa dogon bayanin mai keke. Zai ɗaga ƙafar baya, ya murza feda da hannu, ya kasa kunne, ya ce, "Na ji, je ka dawo." Nasa keken baƙi ne, ya girme ni, kuma ko bayan layi za shi sai ya hau.

Ranar da ya faɗi a kwanar kasuwa ya fasa goshi, mu biyar muka taru kamar an yi rasuwa. Ni na fi kowa zaƙewa, ba zan ɓoye ba. Ni ce auta, ni nake zaune da shi, ni na wanke rigar da jinin ya ɓata. Muka rufe rumfar. Muka hana shi ɗaukar bokiti, muka hana shi tsallaka titi. Keken ne ya gagare mu, don ba mai iya duban idon Baba ya ce kada ya hau. Sai Yaya, babban wanmu, ya cire kacar da ke juya ƙafar baya ya tafi da ita gidansa, aka ce wa Baba ta tsinke, kuma irinta ta daina zuwa kasuwa. Kai jama'a! Mutumin da ya tsufa yana ɗaura kaca muka shirga wa wannan ƙaryar. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya ce, "To, Allah ya kawo ta."

Shekara biyu yana kan kujera a baranda. Kowace safiya sai ya goge keken da tsumma, ya buga wa tayoyin iska, ya jingine shi.

'Yata tana da wani katun da take kallo, na iyalin agwagi. A wani kashi kakarsu ta zame a bakin tafki, jikokin suka ɗaura mata matasan kai gaba da baya, suka hana ta shiga ruwa, suna kai mata abinci har gado. Daga ƙarshe ta sulale ta faɗa tafkin, kowa ya hau waƙa. Minti bakwai ne duka, amma manya sun fi yara ɗaukar zafi. Ƙarƙashin bidiyon sharhi ne ba iyaka. Wata ta ce a banɗakin ofis ta ɓuya ta sha kuka. Wani ya ce ranar ya mayar wa mahaifinsa makullin mota. Raina ya ɓaci, na rubuta: "Wanda bai taɓa wanke jinin tsohonsa ba ya yi mana shiru. Agwagwar katun ba ta karyewa." Aka yi ta danna min alamar so, kaina ya kumbura.

Sai wata tsohuwa ta amsa, ta ce jikarta ke rubuta mata: "'Yar nan, nawa 'ya'yan ma masu sona ne irinki. Rabona da riƙe wuƙa a kicin shekara uku. Ban yanke ba, ban ƙone ba, ban kuma san abin da nake tashi yi da safe ba." Na kife wayar, na ce tsohuwar nan akwai baki. Amma wuni na yi maganarta tana cina.

Da yamma na tarar da Baba da 'yata suna kallon kashin. Ya yi dariyar matasan kan har da tari. Da aka gama ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ita ta yi sa'a, ba su kwashe mata tafkin ba."

Washegari na dira gidan Yaya, na ce kacar na zo karɓa. Ya ce, "Auta, in ya karye ke za ki ji da shi." Na ce, "Yanzu ma ni nake ji da shi, Yaya. Ba ni ita." A saman kabad muka same ta cikin leda, duk ta yi tsatsa.

Baba bai tambaye ni inda ta fito ba. Ya jiƙa ta a kananzir, ya goge, ya shafa giris, kafin in kawo masa ruwan wanke hannu ya ɗaura ta. Ya murza feda, ƙafar baya ta ɗauki gudu, fuskarsa ta washe yadda na manta tana yi. Ya turo keken har ƙofar gida. Ya ɗaga ƙafar dama, ba ta kai sirdi ba. Ya karkata keken ya sake gwadawa, ta hagun ta kama rawa. A na ukun sai ya tsaya yana haki.

"Auta, riƙe min shi."

Na riƙe, ina zaton hutawa zai yi ya sake gwadawa. Sai ya dafa bango ya koma kujerarsa.

"Keken lafiyarsa ƙalau," ya ce. "Da bara kika kawo, da na hau."

Wata bakwai ya ƙara a duniya, bai taɓa cewa mun cuce shi ba. Wallahi ina kewarsa, kuma ba zamansa na baranda nake kewa ba. So nake in sake tsayawa a ƙofar gida in ga bayansa yana shan kwana, ko da zai faɗi.