Hannun Agafiya a Ƙarƙashin Fenti

Tihon Lapshin ɗan mai gina murhu ne. Ya shiga makarantar zane ta Petersburg da takalmin aro, ya fito da hannu mai biyayya: duk abin da malamai suka koya masa, haka yake yi ba ragi. Masu wanki yake zanawa, da direbobin keken doki, da mashaya shayi. Ba wanda ya san sunansa.

Zanen da ya fi so shi ne na matarsa Agafiya, tana barbaɗa wa kabeji gishiri a ganga don ajiyar hunturu, tana dariya. Da ya kai wa alƙalan baje kolin shekara, sai suka ce mace da kabeji ba labari ba ne, ya kawo abin da ke da darasi.

Babban ƙyallen zane kuwa wannan kaɗai gare shi.

"Shafe ni mana, Tisha," in ji Agafiya, da sunan da take kiransa a gida. "Fuskar ai tana gida. Ko gudu kake tsoron zan yi da mai sayar da kifi?"

"Mai kifi ma yana da ido, Gasha," in ji Tihon, don haka shi ma yake kiranta.

"Ji tsohon banza! To ka sake zana ni da bazara, amma ka rage min hancin."

Ya bi ƙa'idar makaranta. Ya goge tsohon fentin da dutsen guga har ƙyallen ya yi sumul, ya shafa farar ƙasa, ya zana 'yan kasuwa uku suna caca ranar azumi. Zanen ya ci lambar yabo.

Agafiya ba ta ga bazara ba. Sanyi ya kama ƙirjinta wurin wanki a ramin ƙanƙarar kogin Neba, kafin ƙanƙarar ta narke an binne ta.

Bayan arba'in Tihon ya zauna ya zana fuskarta, ta ƙi zuwa. Idanun su fito na wata, bakin na wata. Ya gwada har gawayin ya ƙare.

Sai ya je ya ɗauko zanen 'yan kasuwar, ya ƙi sayar wa kowa. Ya sa wuƙa yana kankarewa a hankali, gemu bayan gemu. A ƙasa babu komai sai ƙyalle fari. Ya yi gugar da kyau, yadda aka koya masa.

Can a kusurwar ƙasa kaɗai launi ya ɓullo. Nan ya tuna: ranar yana cikin guga ta leƙo ta ce, "Miyar za ta huce, malam mai neman lamba!" Ya ajiye dutsen, bai koma wa wurin ba.

Hannunta ne, yatsun jajaye, da gishiri a tafin.

Ya yanke wurin ya rataye kusa da murhu. Ɗaliban da ya samu bayan lambar yabon sun same shi wata rana a gaban guntun ƙyallen, zaune, shayin ya yi sanyi a hannunsa. Ya ɗago ya tambaye su ko akwai wanda ya tuna yadda hancinta yake.