Hancin Mai Wankin Asibiti

Shekara goma sha tara tana wankin zannuwan gado a asibiti, kuma har yau ba ta saba ba. Masu cewa hanci yana sabawa ba su taɓa ɗaga zanin ɗakin masu ciwon daji ba. Wani wari ne mai zaƙi-zaƙi, kamar ruɓaɓɓen lemo a cikin gwangwani mai tsatsa. Da ta shaƙe shi sai yawu ya cika mata baki, ta ruga bakin famfo.

Ta taɓa gaya wa wani likita cewa ko da idonta a rufe tana gane zanin mai wannan ciwo. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Bana sai ga shi yana washe baki a gaban wata sabuwar na'ura: mutum ya hura iska a leda, ita kuma ta shinshina ta faɗi ko akwai alamar ciwon. Wato hancin ƙarfe ya fi na mai wanki daraja! Ta ja tsaki ta koma kan bahonta.

Mijinta mai sayar da turare ne, ɗan gayu na ƙarshe. Wata biyu ke nan tana juya masa baya a gado, tana zaton warin wurin aiki ne ya maƙale mata a hanci. Ran nan da safe ta ɗauki singiletinsa za ta jiƙa, sai ta tsaya cak. A ƙarƙashin turaren, ga warin nan.

Na'urar kuwa ba ta karanta numfashin wanda ya shafa turare, sai ya yini ya kwana babu shi.

"Maigida, yau ba turare," in ji ta. "Gobe za ka bi ni asibiti."

"Ni? In fita haka kamar buhun kifi?"

Ta gaya masa abin da ta ji a rigarsa. Sai ya ce:

"Ni kuwa na ɗauka ƙyamata kike yi. Shi ya sa nake ta ƙara turaren."

Gaskiya ne, ƙyamar ta yi, kuma abin ya ci ta ƙwarai.

Washegari ya hura ledar. Likitan nan ya dubi allon na'urar, fara'arsa ta ɗauke, ya ce a yi masa hoton ƙirji yau-yau. Suna jira a benci ta matso, ta ɗora kanta a kafaɗarsa. Warin ya taso mata, yawu ya cika mata baki. Ta haɗiye yawun, ba ta ɗaga kan ba.