Inna, Anime da Belin Jaririya

Inna ta janye maganar cire belin jikarta, kuma ba likita ce ta shawo kanta ba.

Ƙanena Sani ne ya samu ɗiya. Ungozomar asibiti ta gargaɗe shi kada a bar wanzami ya sa mata ƙarfe a maƙogwaro ranar suna. A fadarsu ta shayi, Sani ya fi kowa yabon wani jarumin anime, zanen Japan mai motsi, wanda ya tayar wa danginsa saboda suna yi wa jarirai lalas a goshi. Amma a gaban Inna ko tari ba ya iyawa.

Sai ya durƙusa ya miƙa mata waya, ya kunna mata anime ɗin, yana fassara. Inna ta ga an ƙona jariri, ta share hawaye da gefen zane.

"Allah ya isa! Tsofaffin banza!"

"To Inna, ai beli ma..."

"Rufe mini baki. Shi wanga mai gashi tsaye, da ya girma mi ya yi musu?"

"Ya rushe garin."

"Bai ko gaishe su ba?"

"A'a."

"Yana da gaskiya, amma ba ya da tarbiyya. Kai tunda ka durƙusa, a bar mata belinta."

Ƴan fada har yanzu suna gardama: rushewa ta fi ko durƙusawa? Ku ma ku faɗi naku.

Wanzamin dai yana can garin Bader Goula. An aika mishi cewa aski kaɗai zai yi, amma ba mu ji ko saƙon ya isa ba.